Ƙashin kujerar kushin: yadda ake haɗa shi, da inda algus ke shiga

A kujerar kushin, abin da mai saye ke gani shi ne yadi da laushin soso, amma ƙarkonta yana ga katakon da ke ɓoye a ciki, wanda kafintoci ke kira firam. Da zarar an lulluɓe shi, babu mai sake ganinsa sai ranar da kujerar ta fara ƙara ko ta karye.

Kafinta kan fara da ƙafafu, ya haɗa su da katakan gaba da baya da gefe, sannan ya ɗora majingina da hannaye. Haɗi mai ƙarko shi ne a fafe rami a jikin ƙafa, a zura bakin ɗayan katakon a ciki da gam, a kuma tokare kowace kusurwa da guntun katako. Haɗin ƙusa zalla ya fi sauri da araha, sai dai yana sassautawa da yawan zama. A mazaunin ake ɗaure sifirin ko igiyoyin roba, wasu ma na tsohuwar taya, kafin a shimfiɗa buhu da soso.

Babbar matsalar ita ce danshi. Yawancin katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, daga dazuzzukan kudu da tsakiyar Najeriya yake zuwa, kuma sau da yawa bai gama bushewa ba. Katakon kayan ɗaki yana buƙatar danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Idan aka yi aiki da ɗanye, iskar hunturu za ta busar da shi bayan an gama haɗi: ya tsuke, ya tsage, ƙusoshi su yi sako-sako. Shi ya sa saitin da aka jera wa amarya da damina kan soma rawa kafin bazara, alhali mahaifinta watakila bai gama biyan bashinsa ba.

Irin icen ma abin dubawa ne. Maɗaci da iroko suna da ƙarfi. Malaina, wadda aka kawo daga Asiya, ta fi sauƙin kuɗi, kuma tana yi idan ta bushe sosai. Farin katako mai taushi kuwa abincin gara ne da ƙwaro, sai an shafa masa magani.

Siyasa ma ta shafi sana'ar. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki da filawud cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dala a kasuwar hukuma, matakin da aka janye a Oktoban 2023. A tsakanin nan ne aka yi ta sare maɗobiya a Taraba ana kaiwa Sin, har yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. An kare kafintan gida daga kayan waje a takarda, amma dajin da yake dogara da shi bai samu irin wannan kariya ba.

Wanda zai ba da aiki ya nemi ganin firam tun kafin a rufe shi, ya girgiza shi, ya tambayi sunan icen. A kujerar da aka riga aka gama kuwa, a ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba kamar tsawon yatsa: idan ɗayar ta zauna a ƙasa, firam ɗin yana murɗewa.