Yaƙin Ƙara: Daga Allurar Garmaho Zuwa Spotify

A manhajojin haɗa sauti irin su Audacity da Cubase akwai wani maɓalli mai suna Normalize da kowane ɗan situdiyo ya san shi. In aka kawo muryar da ta fito ƙasa-ƙasa, wadda sai an kasa kunne sosai ake ji, da an danna shi sai ta ɗago. Ba siddabaru ba ne. Kwamfuta ce ke bin sautin daga farko har ƙarshe, ta nemo wurin da ya fi tashi, ta kai shi dab da iyakar da na'ura ke iya ɗauka, sauran su bi shi da gwargwado ɗaya. Sai dai in mai maganar ya yi tari sau ɗaya, ko wani ya buga ƙofa, to tarin nan shi ne ma'auni, maganar kuma ta zauna inda take. In ma babu tari, tare da muryar za a ɗago hucin kaset da gurnanin janareta.

Wannan matsala ta me za a auna ta girmi kwamfuta. A 1933, Harvey Fletcher da Wilden Munson na Bell Labs a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya yi wa sautuka adalci: ya fi jin na tsakiya, inda muryar ɗan Adam take, fiye da masu kauri sosai. A 1939 Bell Labs da gidajen rediyon NBC da CBS suka fito da mitar VU, mai allurar da ke lilo a jikin tsofaffin rikodoji. Da gangan aka sa mata nawa, don ta bi matsakaicin ƙara, kada ta firgita da kowane ɗan tsalle.

'Yan kasuwa kuwa tuni sun gano wani abu. In aka kunna wa mutum waƙa ɗaya sau biyu, ɗaya ta ɗara ɗayar ƙara kaɗan, yawanci zai rantse mai ƙarar ta fi daɗi. A shekarun 1950 akwatin waƙa mai cin kwabo ya cika mashaya da gidajen abinci a Amurka, kuma mai wurin ne ke saita ƙararsa ya bar shi haka, don haka faifan da aka yanka da ƙarfi shi ke jan hankali. Kamfanin Motown na birnin Detroit ya yi suna wajen wannan. Amma faifan garmaho yana da linzami: in aka zarce, allura ta yi tsalle ta fita daga layinta, kuma waƙa mai ƙara ta fi cin fili a jikin faifan.

Sony da Philips suka fito da CD a 1982, linzamin ya tsinke. Sabon faifan yana da tazarar desibel kusan 96 tsakanin raɗa da tsawa, da iyaka ɗaya tak a sama, wato sifili, wadda babu sautin da ke wuce ta. Da farko injiniyoyi sun ji tsoron wannan iyaka, shi ya sa CD na shekarun 1980 ke fitowa a hankali. Daga baya suka gane dabara: in aka aske kawunan sautin, irin bugun ganga da ke tsalle sama da kowa, sai a samu sararin ɗaga sauran duka. A 1994 kamfanin Waves ya fitar da manhajar L1 mai yin wannan aski cikin sauƙi, sai kowa ya shiga tseren. Kundin ƙungiyar Oasis na 1995 da Californication na Red Hot Chili Peppers a 1999 suna cikin waɗanda ake yawan ambato in ana zancen ɓarnar da ta biyo baya.

Abin ya kai intaha a 2008, lokacin da Metallica suka fitar da Death Magnetic. An matse kundin har yana ƙarce a lasifika. Sai aka yi rashin sa'a, ko kuwa sa'a, waƙoƙin suka fito a wasan bidiyo na Guitar Hero ba tare da wannan matsi ba. Masoya suka jera su biyun suka saurara, asiri ya tonu: na cikin wasan ya fi na faifan da suka saya da kuɗinsu. Dubbai suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake haɗa shi. Ted Jensen, injiniyan da ya yi aikin ƙarshe a kai, ya ce a matse aka kawo masa waƙoƙin.

Ba kunya ba ce ta sassauta tseren, kuma ba koke ba. Ma'auni ne ya sauya. A 2001 David Robinson ya gabatar da ReplayGain, tsarin da ke ƙiyasta yadda kunne zai ji waƙa, ya rubuta adadin a jikin fayil ɗin, na'ura ta rage ko ta ƙara a lokacin kunnawa. Masu kallon talabijin kuma sun daɗe suna ƙorafin tallan da ke faɗo musu da ihu a tsakiyar shiri. A 2006 Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idar BS.1770, mai tace sauti bisa jin kunne kafin a auna. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta ɗora a kai a 2010 da R128, ta tsayar da -23 a ma'aunin LUFS, aka kuma koya wa mitar tsallake wuraren shiru don kada su ja lissafi ƙasa. A Disambar wannan shekara Barack Obama ya sa hannu a dokar CALM, wadda ta hana talla fin shiri ƙara.

Yau Spotify na saita waƙoƙi a -14 LUFS. Wanda ya matse tasa har -8, ƙasa za a yi da ita, ya tashi ba ƙarar ba ƙarfin ganga. Mai sanyi kuma a ɗaga ta, amma a bar mata ɗan sarari kafin iyaka. Ita ma Audacity, wadda ta fara fitowa a 2000, ta ƙara maɓalli na biyu mai auna LUFS a 2020.

Duk da haka injiniyoyi da yawa ba su saki matsi ba, kuma suna da hujja. Dokar Spotify a cikin Spotify ta tsaya. Waƙar da aka tura ta Xender ko Bluetooth, ko aka loda a memori a Farm Centre ta Kano, babu mai rage mata komai in ta shiga lasifikar Keke Napep. A nan ne tsohon kaset na Mamman Shata da aka mayar MP3 ke fitowa can ƙasa bayan sabuwar waƙa, direba ya miƙa hannu ya ƙara, waƙa ta gaba kuma ta sa shi ya sake ragewa.