Faɗuwar Jirgi a Carnobil, 1986

A ƙasar Yukren, kamar tafiyar mil 60 arewa da birnin Kiyef, akwai wata babbar ma'aikatar wutar lantarki da a ke kira Carnobil. A zamanin da wannan abu ya faru ƙasar tana cikin Tarayyar Sobiyet. Ma'aikatar ba da gawayi ta ke aiki ba, ba kuwa da ƙarfin ruwa ba, sai da ƙarfin nukiliya, wanda a ke sarrafawa cikin waɗansu manyan tukwane guda huɗu.

Ran 26 ga Afrilu, 1986, da tsakad dare, tukunya ta huɗu ta fashe, ta yi jifa da rufinta, gubar da ke ciki ta tashi sama. Wannan guba ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta, amma tana ratsa jiki ta ɓata jini. Kashegari aka kwashe mutanen Piripiyat, garin ma'aikatan, su kusan 49,000. Da ya ke ba mai iya kusantar ramin ta ƙasa, sai aka kirawo sojan sama da jiragen nan masu saukar ungulu, watau helikwafta. Suka yi ta zuba yashi da yumɓu da dalma, har wajen tan 5,000. Da yawa cikin matuƙan sun yi yaƙin Afganistan, sun saba da harsashi, amma wannan abokin gāba ba su taɓa gamuwa da irinsa ba.

Da wutar ta lafa, aka shiga gina wani ƙaton akwati na ƙarfe da kankare don a rufe tukunyar. Aka kakkafa dogayen injunan ɗaga kaya kewaye da wurin, kowane da igiyoyin ƙarfe suna reto. Jirage kuwa ba su daina zuwa ba, gama ƙura mai guba tana kwance bisa rufin gine-ginen, dole a riƙa zuba mata abin da zai danne ta kada iska ta kwasa. To, a tsakanin waɗannan igiyoyi ne matuƙa su ke ratsawa kullum.

Ran 2 ga Oktoba da yamma, wani jirgi samfurin Mi-8 ya taso da mutum huɗu: Kyaftin Vladimir Vorobyov, da Alexander Yungkind, da Leonid Khristich, da Nikolai Ganzhuk. Ya iso kusa da tukunya ta huɗu, yana tafiya sannu-sannu. An ce rana ta yi ƙasa a sa'an nan, haskenta yana dukan idon matuƙi. Sai farfelar jirgin ta sari igiyar injin. Mai karatu ya sani helikwafta ba shi da fukafukai irin na sauran jirage, farfelan nan ita kaɗai ke riƙe da shi a sama. Nan take ta kakkarye, jirgin ya kife, ya faɗo ya kama wuta. Ba wanda ya tsira. Mutanen da a ke jin tsoron guba za ta ci su a hankali, ga shi igiya ta gama da su cikin ƙiftawar ido.

Ashe a daidai lokacin wani mai ɗaukar hoton majigi yana ƙasa, an aiko shi ya ɗauki aikin ginin, na'urarsa kuwa tana duban jirgin. Ya ɗauki abin tun daga farko har ƙarshe. Hukumar Sobiyet ba ta son a ji irin wannan labari, saboda haka ba a baza shi ba a lokacin. Daga baya hoton ya fita, duniya ta gani. Shi ne kuma ya zama shaida sa'ad da wani wasan talbijin na 2019 ya nuna faɗuwar kamar a kwanakin farko ta auku, alhali kuwa sai bayan wata biyar.

Aka gama akwatin a ƙarshen Nuwamba, 1986. Da ya tsufa, aka turo wani sabon rufin ƙarfe bisa kansa cikin 2016. A Disamba, 2017, ma'aikata suna kwance wani tsohon rufi a gefen tukunya ta huɗu, sai suka tarar da guntun wutsiyar jirgin, shekara 31 yana nan inda ya faɗa.