Abuja: Garin Kowa, Amma Ina Masu Gari?

Mu da muke zaune a Sabo da sauran zangunan Kudu mun san zafin kalmar nan "baƙo". An haife ka a gari, an haifi ubanka a gari, amma ranar rabon muƙami sai a ce ka je jiharku ka karɓo takarda. To, 'yan uwa, akwai waɗanda lamarinsu ya fi namu ban mamaki: mutanen da suka zama baƙi a ƙasar kakanninsu, wato 'yan asalin Abuja.

Shi kansa sunan aro aka yi. Bayan jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya gangaro kudu wajen Zuba. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka tashi gina sabon babban birni sai aka ɗauke sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, saboda Legas ta cushe. Kwamitin ya zaɓi tsakiyar ƙasa, inda babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. A watan Fabrairu 1976 aka kafa dokar soja mai lamba 6, aka yanko fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara, aka damƙa mallakarsa kacokan ga gwamnatin tarayya. Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya tare a can.

Sai dai wurin ba daji ba ne. Akwai Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, da Koro, Gade, Gwandara da Bassa, kowa da gonarsa da kushewar iyayensa. Da farko an shirya kwashe su gaba ɗaya, da aka ga kuɗin diyya sun yi yawa sai aka bar mafi yawansu a inda suke. Ga su nan dai, amma ƙasar ba tasu ba ce a doka. Ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha. Sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu, ƙananan hukumomi shida, shi ke nan.

Kotu ce ta zama madogararsu. Sashe na 299 na tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha. Da wannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2018 cewa su ma sun cancanci kujerar minista, amma sai a 2023 aka naɗa ɗansu na farko, Zephaniah Jisalo. A wannan shekarar ce Kotun Ƙoli ta ce wajen lissafin ƙuri'un shugaban ƙasa, Abuja daidai take da kowace jiha. Ka ji fa: jiha ce ranar ƙidayar ƙuri'a, amma ba ta zaɓen gwamna.

Abin lura gare mu shi ne, waɗannan bayin Allah ba sanda suka ɗauka ba, takarda suka riƙe, suka yi ta haƙuri a gaban alƙalai. Mu ma mu adana takardun filayenmu da tarihin zuwan kakanninmu, mu kuma tura 'ya'yanmu karatun lauya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.