Tarihin Kalmar "Gun" a Harshen Turanci

Gun ita ce kalmar gama-gari da masu magana da Turanci suke kiran bindiga da ita, tun daga ƙaramar bindigar aljihu har zuwa igwa. Ta fara bayyana a rubuce a Ingila cikin ƙarni na 14, lokacin da ake rubuta ta gunne ko gonne.

Asalinta

Mafi yawan masana harshe suna ganin daga sunan mace aka gutsuro ta, wato Gunnhildr, tsohon suna na mutanen Sikandinabiya wanda ya haɗa gunnr da hildr, kalmomi biyu da kowace ke nufin yaƙi. Hujjarsu ita ce wani lissafin kayan yaƙi na fadar Windsor na shekarar 1330 zuwa 1331, inda aka ambaci wani ƙaton baka mai cilla manyan kibau da sunan Domina Gunilda, wato Uwargida Gunilda. Raɗa wa manyan makamai sunan mata daɗaɗɗiyar al'ada ce a Turai. Igwar Mons Meg da aka ƙera a 1449 tana nan a fadar Edinbara har yau, Jamusawa kuma sun yi yaƙin duniya na ɗaya da igwar kamfanin Krupp da ake wa laƙabi da Big Bertha.

Da farko dai gun sunan duk wani babban makamin rushe ganuwa ne. Da albarushi ya yaɗu, sai ya koma kan igwa, daga baya ya sauko kan bindigar da mutum ɗaya zai iya saɓawa a kafaɗa. Sojoji sun riƙe tsohuwar ma'anar: a bakinsu gun igwa ce, ta hannun soja kuwa rifle suke ce mata. Harbi 21 na karrama shugaban ƙasa ma da igwa ake yin sa.

A bakin jama'a

Abin da kalmar ta riƙe duk tsawon tafiyarta shi ne fitar da abu da ƙarfi ta baki ɗaya. Saboda haka ta shiga hannun masu sana'a: nail gun ta kafinta ce mai harba ƙusa, spray gun ta mai fenti, glue gun kuwa mai zuba narkakken gam.

Ta kuma yi 'ya'ya a salon magana. Jump the gun na nufin yin riga malam masallaci, an samo shi daga ɗan tseren da ya zabura kafin a harba bindigar fara gudu. Stick to your guns shi ne mutum ya kafe kan bakansa, kamar mai igwar da ya ƙi barin wurinsa. Smoking gun hujja ce da ba ta musantuwa. Ta shahara a Agustan 1974, lokacin da wani faifan murya ya tona asirin Shugaba Nixon na Amurka a badaƙalar Watergate, har ya sauka daga mulki.

A Afirka ta Yamma, Turancin yankin yana kiran bindigar mafarauta Dane gun, saboda fataken Denmak da suka yi cinikinta a gaɓar tekun da ke Gana a yau. Hausa kuwa ba ta jira Turawa ba, domin tuni ta samo "bindiga" daga Larabci, bunduƙiyya.