Daga Guzurin Makka Zuwa Jan Bulo

Mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas, bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ba neman wurin gini ya fito da su ba. Ko da suka yada zango a bakin kogin Nil Azraƙ kusa da Sinnar a Sudan, inda garin Mai Wurno yake a yau, hankalin da yawansu na kan Makka. Haka ma maniyyatan da suka riƙa biyo sawunsu a ƙafa daga ƙasar Kano da Haɗeja da Damagaram. Duk wanda ya ɗauki kansa matafiyi, kuɗinsa guzuri ne. Ba ya binne shi a harsashin gini. Yakan sa shi a akuya ko jaki ko buhun dawa, abin da za a iya sayarwa a kasuwa ɗaya idan tafiya ta tashi.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. An yanka gonaki, ana kiran kowacce hawasha, mai gona na karɓar kashi 40 cikin ɗari na ribar auduga, gwamnati da kamfanin Turawa su raba saura. Hausawa kaɗan ne suka sami hawasha. Yawancinsu ƙodago suka shiga, tsinkar auduga da shema, daga baya kuma noman a raba. Mazauninsu kambo ne a gefen magudanar ruwa, a kan ƙasar da ba tasu ba. Masani Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikokin da aka haifa a Sudan suke kiran kansu maniyyata a kan hanya, gidajensu kuma na wucin gadi. Na yarda imani ne ya riƙe su a haka, amma ina ganin akwai lissafi a ciki. Wa zai zuba jan bulo a filin da za a iya cewa ya tashi gobe?

Takarda ta ƙara ɗaure lamarin. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi shaidar cewa mutum ko kakanninsa suna Sudan tun 1897, shekara shida kafin Burmi. A 1970 gwamnatin Numairi ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar hukuma. Saboda haka mai ɗan hali ya karkatar da jarinsa zuwa abin da ke juyawa: babbar mota, fataucin riɗi da gyaɗa, lambu a bakin kogi, kwalekwalen su. Akwai riba a nan, akwai kuma karyewa. Damina ɗaya ta isa ta jefa manomi hannun mai bashin shail, wanda ke ba da kuɗi tun shuka ya karɓi amfanin gona da araha a kaka.

Abin da ya juya tunanin mutane shi ne lalacewar kuɗin ƙasa. A 1992 dinari ya maye gurbin fam, a 2007 aka dawo da sabon fam wanda guda ɗaya ke daidai da tsohon fam 1,000. A tsakanin nan dokar 1994 ta sauko da shekarar shaida zuwa 1956, 'ya'yan da ke aiki a Saudiyya kuma suna aiko da riyal. Sai gini ya fara ma'ana. Bankunan Sudan suna ba da kuɗi ta hanyar murabaha, wato banki ya sayi abu ya sayar wa mutum da riba a biya daga baya, amma suna neman jingina mai rajista, abin da ɗan ƙauye ba kasafai yake da shi ba. Hanyar talaka ita ce ya kwashi adashi, ya biya kafin alƙalami ga mai fili a gaban shaidu, ya cika saura a hankali, ya ɗora bulo duk kakar da ta yi kyau.

Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 da mafi yawan man fetur, wanda ya yi haka ya ci riba. A 2018 mutane sun yi layi a bankuna ba su sami kuɗinsu ba. A Fabrairun 2021 farashin dala na hukuma ya tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana ɗaya, kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari a Yulin shekarar. Mai jiran ya tara kuɗin fili cif ya wayi gari ba ya iya sayen ƙofa. Sai dai gida ba ya haihuwa. Ɗan kasuwar da ya cire jarinsa ya kai rufi, kaka ta zo riɗi na arha a gabansa, ba shi da abin saye.

Sannan aka zo ga haɗarin da lissafin riba bai taɓa hangowa ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin, a Oktoba kuma a Wad al-Mahi, bayan Hausawa sun nemi sarautar gargajiya tasu, maƙwabta suka ɗauki hakan a matsayin neman mallakar ƙasa. An kashe ɗaruruwa, dubbai suka bar gidajen da suka shekara suna ginawa. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya kai RSF Wad Madani a Disamba, sannan Sinja a Yunin 2024. Mota da tarakta da zinariya aka fara kwashewa. Kuɗin da ke manhajar banki ta Bankak ya gudu tare da mai shi a waya, yana zubar da daraja a hanya.

Da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, masu komawa da dama sun tarar da bango ba ƙofa ba taga, amma mai takardar fili yana da inda zai fara. Mazauna kambo ba su da wannan. A watan ne ma aka kai wa wasu kambo hari, ciki har da Kambo Ɗayba, kuma ƙungiyarsu ta Mu'utamarul Kanabi ta ci gaba da neman a ba su filayen zama masu rajista, shekara ɗari bayan buɗe madatsar Sinnar.