Gajeren Zango da Mutanen Zango

Mu ma'aikatan rediyo mun saba yi wa injiniya godiya, amma ba kasafai muke tuna iskar da ke ɗaukar muryarmu ba. A ganina, tarihin Hausawan Oforikrom da Aboabo da sauran zangunan Kumasi ba zai cika ba sai an ɗaga kai sama.

Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa ce. Kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, kashi 21 oksijin. Hawan farko, inda gajimare da ƙurar hunturu suke, yakan kai kimanin kilomita 16 a yankinmu. Kana yin sama nauyin iska na raguwa, a kilomita biyar da rabi saura rabinsa. Daga wajen kilomita 60 iskar ta yi shara-shara, har hasken rana yana cusa mata lantarki. Wannan hawan, ayonosfiya, shi ke maido da igiyar gajeren zango ƙasa, kamar yadda bango ke maido da ƙwallo.

Da Marconi ya tsallakar da saƙo Tekun Atlantika a 1901, masana sun yi mamaki, tunda duniya a gewaye take. Sai a 1924 Edward Appleton ya tabbatar da wannan hawan a Ingila.

Kakanninmu fataken goro sai sun jira ayari kafin su ji labarin Kano. Ranar 13 ga Maris 1957, mako guda bayan Ghana ta sami 'yanci, BBC ta fara magana da Hausa. A 1961 gwamnatin Nkrumah ta buɗe sashen watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje, da Hausa a ciki. Rediyon Kaduna ya biyo a 1962. Dattawa sun san tashoshin nesa sun fi kamuwa da dare: idan rana ta faɗi, gindin ayonosfiya mai shanye igiyar rediyo yakan dushe.

Ni a FM nake aiki, igiyarta kuwa huda wannan hawan take yi ta wuce. Muryata na fita tangaran a Kumasi, amma ba ta isa Katsina. Intanet na isa, sai dai da kuɗin data da cajin waya. Duk tashar gajeren zango da aka rufe, tsohon da ke da akwatin rediyo da batir biyu ne ya yi rashi, domin sama ba ta taɓa karɓar ko fesewa ɗaya a hannunsa ba.