Haraji, Muhalli da Yawan Jama'a a Magarya da Dungas: Waiwayen Tarihi

1. Gabatarwa

A shekarar 1986 Amurka ta kafa doka mai rage haraji, har tsawon shekara 10, ga masu zuba jari a ginin gidajen haya masu rahusa domin masu ƙaramin ƙarfi. Masu nazari kan auna yadda irin waɗannan gidaje ke sauya yawan mazauna unguwa. A wannan maƙala za mu duba dangantakar haraji da muhalli a gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram. Ra'ayinmu shi ne, a nan haraji ya bi kan mutum, bai taɓa zama hanyar gina masa gida ba.

2. Zamanin lanho

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila, da aikin shata iyaka na ayarin Tilho (1906-1908), sun raba yankin da Daura da Kano. Faransawa suka ɗora harajin kai, wanda Hausar Nijar ta ara da sunan lanho, daga l'impôt. Ana lissafa shi bisa yawan mutanen da ke ƙarƙashin mai gida. Wato kalmar gida ta ɗauki ma'ana biyu: gini, da kuma rukunin masu biya. Ƙidaya ta zama abin gudu. Idan lanho da aikin dole suka yi tsanani, sai iyalai su tsallaka iyaka, su bar kufai. Mai shirin tashi kuwa ba ya zuba dukiyarsa a soro; bukka da dangar kara sun ishe shi. An soke aikin dole a 1946, amma harajin kai ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta soke shi saboda kuɗin uraniyom.

3. Gyaɗa da gini

Bunƙasar noman gyaɗa a shekarun 1950 da 1960 ta kawo kuɗi hannun manoma da ƴan kasuwa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikinta. Sai dai kuɗin gyaɗa, bayan an cire lanho, kai tsaye ya shiga tubali da azara, ba ta hannun hukuma ba. Kamfanin gine-gine na gwamnati, SONUCI, ya fi mai da hankali ga Yamai da ma'aikata masu albashi. A ƙauye, gandu da gayya su ne suka samar da muhalli mai rahusa. Farin shekarun 1970 ya karya gyaɗar, cirani zuwa Najeriya ya cike wani ɓangare na gurbinta.

4. Yawan jama'a

Ƙidayar 2001 ta samu mutum kusan 497,000 a gundumar Magarya, wadda a lokacin ta haɗa da Dungas. A 2011 aka mai da Dungas gunduma. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa su biyun sun haura 930,000. Yankin yana cikin mafi cunkoso a karkarar Nijar. Don haka duk ɗakin da aka ƙara wa sabon ango, daga gona ake yanko filinsa, gonar da gado ya riga ya daddatsa.

5. Kammalawa

Tsarin Amurka yana bukatar manyan kamfanoni masu ɗimbin harajin da za a rage musu. Magarya da Dungas ba su da su. Bankin muhalli da Nijar ta buɗe a 2018 ma, mai albashi da takardar fili ya fi amfana da shi. A ganinmu, matsalar muhalli a nan ta fili ce kafin ta zama ta gini. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne bin diddigin yadda kananan hukumomi ke yanka filaye, da kuma wanda ke samun su.